Yadda Iyaye Za Su Yi Aiki da Mai Ba da Shawara na Makaranta Don Taimakon Yaro a Ƙaramar Sakandare

Yaron da ya shiga ƙaramar sakandare yana da shekara 11 ko 12 ba shi ne zai fito daga cikinta yana da 14 ko 15 ba. A cikin waɗannan 'yan shekaru murya tana buɗewa, jiki yana miƙewa, abokai suna samun matsayin da a da iyaye kaɗai ke da shi, kuma yaron da ya saba zubo labari tun daga bakin ƙofa sai ya koma wanda idan an tambaye shi yadda ya baro makaranta zai ce "lafiya lau", ya ajiye jaka, ya shige ɗaki. Mafi yawan wannan sauyi girma ne kawai, domin balaga takan fara wa 'ya mace tsakanin shekara 8 da 13, ɗa namiji kuma tsakanin 9 da 14, alhali ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke kula da tsara abu da danne zuciya da hangen abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Saboda haka yaro a wannan mataki yana jin abu da ƙarfi, amma linzamin da zai riƙe kansa da shi bai gama ƙwari ba.

Sai dai ba kowane shiru ne girma ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna somawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Wannan shi ya sa ofishin mai ba da shawara a ƙaramar sakandare yake da muhimmancin da iyaye da yawa ba su ba shi ba, har sai ranar da aka aiko musu da takardar kira. A ganina wannan shi ne kuskure na farko, wato jiran makaranta ta kira, maimakon iyaye su fara ƙwanƙwasa ƙofa tun abu yana ƙarami.

Ku fara da sanin aikinsa

Mai ba da shawara, wanda a wasu makarantu ake kira malamin jagoranci da ba da shawara, ma'aikaci ne da aka horar don ya taimaki ɗalibi ta fuska uku: karatunsa, zamansa da mutane tare da abin da ke damun zuciyarsa, da kuma tunanin abin da zai zama nan gaba. Sana'ar ta faro ne daga fuska ta uku, lokacin da Frank Parsons ya buɗe ofishin taimaka wa matasa zaɓen sana'a a birnin Boston na Amurka a 1908, daga baya aikin ya faɗaɗa har ya haɗa da sauran biyun. A yau yakan gana da yaro shi kaɗai na ɗan lokaci, yakan haɗa 'yan ɗalibai kaɗan masu matsala iri ɗaya, kamar waɗanda aka yi wa rasuwa ko waɗanda suka sauya makaranta, yakan shiga aji ya koyar da dabarun karatu da sasanta rikici, sannan shi ne gadar da ke tsakanin gida da malamai idan magana ta yi nauyi.

Abu biyu ne ba aikinsa ba, kuma rashin fahimtarsu yana ɓata komai. Ba shi ne mai horo ba, don haka bai kamata a riƙa yi wa yaro barazana da shi ba. Duk uban da ya ce wa ɗansa "idan ka sake zan kai ka wurin Malam ya gyara maka zama" ya riga ya rufe ƙofar da yake so yaron ya shiga, domin babu wanda ke buɗe cikinsa a gaban wanda aka nuna masa a matsayin bulala. Haka kuma ba likita ba ne. Ba ya rubuta magani, kuma a mafi yawan makarantu ba shi ke yanke cewa yaro yana da wata cuta ba. Abin da yake yi shi ne ya gane inda matsalar ta fi ƙarfin makaranta, ya nuna wa iyaye ƙwararren da ya dace.

Yana da kyau kuma ku san yawan ɗaliban da ke wuyansa. Ƙungiyar masu ba da shawara a makarantu ta Amurka tana ba da shawarar kada ɗalibai su wuce 250 ga mutum ɗaya, amma a makarantu da yawa a duniya adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba, wasu kuma malamin aji ne ake ɗora wa aikin a kan darussansa. Mutumin da ke kula da ɗaruruwan yara ba zai iya lura da cewa 'yarku ta daina cin abinci da ƙawayenta ba sai wani ya gaya masa. Tun a makon farko na zangon karatu ku nemi sunansa, da ranakun da yake ofis, da hanyar da ake neman ganinsa, ku je ku gaisa ko da babu wata matsala. Gaisuwar minti biyar a lokacin da hankali ke kwance tana sauƙaƙa zaman da za a yi ranar da hankali ya tashi.

Yaushe ya kamata a nemi ganinsa

Abin da ake dubawa shi ne sauyi daga yadda kuka san yaronku, da tsawon lokacin da sauyin ya ɗauka, da kuma ko ya fara hana shi gudanar da rayuwarsa. Yaron da tun asali miskili ne, shirunsa ba labari ba ne. Amma wanda aka sani da surutu da wasa, idan ya yi mako biyu ko fiye yana cikin ƙunci, ya bar abin da a da yake so, barcinsa ko cinsa ya rikice, to lokaci ya yi da za a yi magana. Mako biyu shi ne ma'aunin da likitoci ke amfani da shi wajen bambanta ɓacin rai na yau da kullum da ciwon damuwa. Ku sani kuma cewa a wannan shekaru damuwa ba kullum take zuwa da hawaye ba. Sau da yawa da fushi take zuwa, da tsawa a kan ƙanne, da buga ƙofa, sai a ɗauka rashin kunya ce a hukunta yaro, ciwon kuwa yana nan a ƙasa.

Jiki ma yana magana. Ciwon ciki ko ciwon kai da ke tasowa da safiyar ranar makaranta, ya lafa da rana, ya ɓace gaba ɗaya a ranakun hutu, ba lallai ƙarya ba ce. Fargaba tana murɗa ciki da gaske. A kai yaro asibiti a tabbatar babu wata cuta, sannan a tambayi abin da ke jiransa a makaranta wanda yake gudu. Fashin makaranta shi kansa alama ce da ake raina ta. Masana ilimi suna ɗaukar ɗalibin da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu a matsayin wanda ke cikin haɗarin komawa baya, kuma wannan bai wuce kwana biyu a wata ba, adadin da iyaye da yawa ba sa ma lissafawa.

Sai faɗuwar maki ba zato, da ɓatan kaya ko yagewar littattafai ba tare da bayani mai gamsarwa ba, da sauya abokai gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, da firgita idan saƙo ya shigo waya. Akwai kuma abubuwan da ke faruwa a gida waɗanda ya kamata makaranta ta sani tun kafin su nuna a fuskar yaro: rasuwa, rabuwar iyaye, doguwar jinya, ƙaura, ko rasa aikin mai ciyar da gida. Ba sai kun zayyana sirrin gidanku ba. Ya isa ku ce, "Malama, an yi mana rashi a watan jiya, kuma Hadiza ta shaƙu da mamaciyar ƙwarai, muna so a sa mata ido." Wannan jimla ɗaya tana iya sa malamin da zai tsawata mata a kan aikin gida ya ja ta gefe ya tambaye ta a hankali.

Akwai alamomin da ba a jira musu mako biyu, ba a jira ma gobe. Idan yaro ya ce ya gaji da rayuwa, ko gara ya mutu, ko kowa zai huta idan babu shi. Idan kuka ga yanka ko ƙuna a hannunsa ko cinyarsa da yake ɓoyewa. Idan ya fara rabar da kayan da yake ƙauna kamar mai bankwana. Ko ya faɗi cewa wani babba ko yaro yana taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba, to wannan na gaggawa ne. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da guba da duk wani makami daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti ko a kira lambar agajin gaggawa a ranar, sannan a sanar da makaranta. Iyaye da yawa suna tsoron tambayar yaro kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, suna ganin kamar za su dasa masa tunanin. Binciken masana ya nuna tambayar ba ta dasa komai, hasali ma takan sauke wa yaro nauyin da ya daɗe yana ɗauke da shi shi kaɗai. Kashe kai yana cikin manyan abubuwan da ke jawo mutuwar masu shekara 15 zuwa 29 a duniya, don haka maganar da ta fito daga bakin ɗan shekara 13 ba abar da za a ce "yarinta ce" ba ce.

Ku fara gaya wa yaron

Ban da yanayin gaggawa, kada yaro ya ji labarin zuwanku makaranta daga bakin wani. A wannan shekaru babu abin da ke ƙona masa rai kamar a yi shawara a kansa a bayan idonsa, kuma idan aka kira shi ofis ya tarar da mahaifiyarsa zaune ba tare da ya sani ba, zai ɗauka tarko aka ɗana masa. Ku zaɓi lokacin da babu ƙanne a kusa kuma ba a cikin faɗa ake ba. Yara da yawa sun fi sakin baki idan ba a zuba musu ido ba, wato a kan hanya, ko ana wani ɗan aiki tare.

Ku faɗi abin da idonku ya gani, ku bar fassara. "Ka zama malalaci" hukunci ne, kuma amsarsa gardama ce. Amma idan uwa ta ce, "Auwalu, na lura kwana biyu ba ka barci sosai, kuma ka daina fita wasa da abokanka. Ba faɗa zan yi maka ba, damuwa na yi. Ina so mu je mu ga Malam mai ba da shawara, ko ka fi so ka fara ganinsa kai kaɗai?", ta ba shi zaɓi a cikin abin da ba shi da zaɓi a kansa. Mai yiwuwa ya ce, "Mama, ni fa babu abin da ke damuna." Kada ku ja da shi. Ku ce kun ji, kuma gani ɗaya kawai kuke roƙo, idan bai ga amfaninsa ba za ku sake zama ku tattauna. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 12, ta tanadi cewa yaro yana da haƙƙin a ji ra'ayinsa a kan al'amuran da suka shafe shi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Ko ba don yarjejeniya ba, duk tsarin da aka yi ba da shi ba, shi ne zai fara rushe shi.

Shirin zama na farko

Lokacin mai ba da shawara kaɗan ne, wataƙila minti 20 ko 30 za ku samu, saboda haka ku nemi a sa muku rana maimakon ku tare shi a bakin ƙofa ana tashi. Kafin ranar ku ɗauki takarda ku rubuta abu uku: me kuka gani, yaushe ya fara, kuma me kuka riga kuka gwada. Ku rubuta da misali da kwanan wata inda za ku iya tunawa. "Ba ta son makaranta" bai ba shi abin kamawa ba. "Tun mako na uku na wannan zangon take kuka duk ranar Talata da Alhamis da safe, kuma ranakun ne suke da darasin lissafi" ya riga ya nuna masa ƙofar da zai fara bugawa. Ku tafi da sakamakon jarrabawa na zangon da ya wuce da na yanzu, da duk wata takardar asibiti da ta shafi lamarin, da sunan maganin da yaron yake sha idan akwai.

A cikin zaman, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan akwai rikici a gida, ko yaron ya taɓa faɗin wata magana mai ban tsoro, ko kun taɓa kama shi da wani abu, ku faɗa, domin shawarar da aka gina a kan rabin labari rabin amfani gare ta. Ku kuma shirya jin abin da ba ku zata ba, saboda yaron da kuka sani a gida wani lokaci daban yake da wanda malamai suka sani. Idan aka ce ɗanku ne yake tsokanar wasu, zuciya za ta so ta kare shi nan take. Ku daure ku nemi misali, ku saurara har ƙarshe. Yaron da ke cin zalin wasu shi ma yana bukatar taimako, kuma sau da yawa akwai abin da ke cinsa.

Kada ku tashi sai kun sami amsar waɗannan: sau nawa za a riƙa ganin yaron kuma na tsawon wane lokaci, wane malami za a sanar kuma me za a gaya masa, me ake so ku yi a gida, ta wace hanya za a riƙa tuntuɓarku, kuma wace rana za a sake zama a duba ko an ci gaba. Ku rubuta abin da aka amince a kai a gabansa. Tsari mai kyau ƙarami ne kuma ana iya auna shi, kamar a ce yaron zai riƙa leƙa ofis na minti biyar kowace safiyar Litinin, za a sauya masa wurin zama a aji, kuma za a sake haɗuwa bayan mako huɗu. Alkawarin "za mu sa ido" kawai, ba rana ba suna, yakan narke cikin hidimar zangon karatu.

Maganar sirri

Nan ne iyaye da masu ba da shawara suka fi samun saɓani, kuma nan ne nake so a fi tsayawa. Bayan yaro ya gana da Malam sau biyu ko uku, uwa za ta so ta san me ya faɗa, kuma wannan so ne na halal, ɗanta ne. Sai ta tambaya a ce mata ba za a iya maimaita mata kalma da kalma ba, ranta ya ɓaci, ta ga kamar an shiga tsakaninta da abin da ta haifa. Amma a duba lamarin ta idon yaron. Ya shiga ofis ya faɗi abin da ya kasa faɗa a gida, wataƙila don kunya, wataƙila don ba ya so ya ƙara wa mahaifiyarsa damuwa. Idan ya dawo gida da yamma ya ji maganarsa a bakin Baba, ba zai sake faɗin komai ba, ba a ofis ba, ba a gida ba. An sami labarin rana ɗaya, an rasa na shekara uku.

Sirrin kuwa yana da iyaka, kuma ƙwararren mai ba da shawara yakan gaya wa yaro iyakar tun a zaman farko. Idan yaron yana cikin haɗarin cutar da kansa, ko cutar da wani, ko wani yana cutar da shi, ba a riƙe wannan. Za a sanar da iyaye, kuma a ƙasashe da yawa doka ta wajabta wa ma'aikacin makaranta ya kai rahoton cin zarafin yaro ga hukumar da ke kula da kare yara, ko da wanda ake zargi ɗan gida ne. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ku tambaya tun farko, "Malam, wane abu ne za ka sanar da mu, wane ne kuma zai tsaya tsakaninka da shi?" Idan kun san cewa duk abin da ya shafi ransa da lafiyarsa zai iso gare ku, sauran za ku iya haƙura da shi.

Abin da za ku iya tambaya ba tare da kun fasa amanar ba yana da yawa: ko yana zuwa, ko ana samun ci gaba, ko akwai abin da za ku sauya a gida. Shi kuma yaron, idan ya dawo, kada a tsare shi da "me ka gaya masa?" Ya isa a ce, "Yaya zaman ya kasance? Idan akwai abin da kake so in sani, ina nan." Abin da aka saba gani shi ne, mai ba da shawara nagari yakan ƙarfafa yaron ya kai maganar gida da bakinsa, wani lokaci ma ya zauna tare da su don ya sauƙaƙa masa farawa. Ku ma ku riƙe masa nasa sirrin. Zuwansa ofishin ba labarin da za a ba 'yan uwa da baƙi ba ne, balle a yi masa gori da shi ranar da ya yi laifi.

Idan cin zali ne

Rahoton da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali daga 'yan uwansa ɗalibai aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci tambayarsa. Cin zali ya bambanta da faɗan yara na yau da gobe ta hanya uku: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ko na jiki, ko na yawan magoya baya. Ba duka kaɗai ba ne. Ware yarinya daga cikin ƙawaye, da laƙaba mata suna, da yaɗa ƙarya a kanta suna yin rauni da ba a gani. Yanzu kuma abin yana biyo yaro har kan gadonsa ta waya. Facebook da Instagram da TikTok duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi a mafi yawan ƙasashe, amma yara da yawa suna shiga kafin haka.

Idan yaronku ya gaya muku, ku fara da yarda da shi da gode masa da ya faɗa. Kada ku ce ya rama, kada kuma ku ce ya share kawai, domin da sharewa tana magani da bai kawo ƙara ba. Ku rubuta abin da ya faru, da rana, da wuri, da waɗanda suka gani. Idan ta waya ne, ku ɗauki hoton saƙonnin kafin a goge su, sannan a toshe mai turowa. Ku guji ƙwace wayar a matsayin mataki na farko, saboda yaron zai ga shi aka hukunta, gobe kuma zai ɓoye. Ku kai wa mai ba da shawara abin da kuka tara, ku nemi ganin ƙa'idar makarantar a kan cin zali, ku tambayi matakin da za a ɗauka don kare yaron a wuraren da babu idon malami, kamar bayan azuzuwa, makewayi da hanyar fita. Kada ku tunkari ɗayan yaron da kanku, kuma ku ƙi amincewa a zaunar da su biyun "a sasanta" idan naku yana tsoro, domin sulhu na waɗanda ƙarfinsu ya zo ɗaya ne.

Idan karatu ne ya tsaya

Kafin a kira yaro daƙiƙi ko malalaci, a duba idonsa da kunnensa, domin wanda ba ya ganin allo daga bayan aji ba zai ce ba ya gani ba, shi bai san yadda wasu ke gani ba. A duba barcinsa: masana barci sun ba da shawarar awa 9 zuwa 12 ga masu shekara 6 zuwa 12, da awa 8 zuwa 10 ga masu 13 zuwa 18, kuma balaga tana jinkirta lokacin da barci ke zuwa, wayar da ke ƙarƙashin matashin kai kuma tana ƙara jinkirta shi. Bayan haka sai a tambayi mai ba da shawara ko akwai alamar wahalar karatu ta musamman, irin wadda ke sa yaro mai kaifin basira ya riƙa tuntuɓe wajen haɗa haruffa, ko matsalar kasa tattara hankali wuri ɗaya. Irin waɗannan sukan fito fili a ƙaramar sakandare, saboda yaron da a da malami ɗaya ke riƙe da shi yanzu yana da malamai bakwai ko takwas, kowa da aikinsa da ranar karɓarsa. Idan ana zargin haka, ku nemi a yi masa gwaji wurin ƙwararre, ku kuma rubuta buƙatar a takarda ku ajiye kwafi.

Bayan zaman

Ku cika naku ɓangaren, ko da ƙarami ne, kamar cire waya daga ɗakin kwana da dare ko zama da yaron na minti goma ba tare da an tambaye shi maki ba. Kada ku sa ran sauyi cikin mako guda, kuma kada ku firgita idan an ci gaba sannan aka ɗan koma baya, haka abin yake tafiya. Idan iyaye ba sa tare, ku yi ƙoƙari kowa ya san tsarin, a kuma gaya wa makaranta wanda za a kira.

Idan mai ba da shawara ya ce a kai yaron wurin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam, ba yana nufin yaron ya haukace ba ne, ba kuma korarsa ake yi ba. Yana nufin abin yana bukatar lokaci da ƙwarewar da ofishin makaranta ba shi da su. Ku nemi ya rubuta muku taƙaitaccen bayanin abin da ya lura da shi don ku kai wa likitan, kuma ku yanke shawarar iya bayanin da kuka yarda likitan ya mayar wa makaranta.

Yana yiwuwa kuma jinin yaron bai haɗu da na mai ba da shawarar ba, ko ranar da aka sa ta zo ta wuce ba a yi abin da aka ce za a yi ba. Ku fara komawa wurinsa da takardar da kuka rubuta, ku tambaya cikin girmamawa inda aka tsaya. Idan ba a sami gyara ba, ku rubuta wa mataimakin shugaban makaranta, sannan shugaban, kuna ambaton ranakun da abin da aka amince a kai. A makarantar da babu mai ba da shawara ko kaɗan, ku tambayi yaron wane malami ne ya fi sakin jiki da shi, ku fara da wannan malamin tare da malamin ajinsu, ku nemi su riƙa ganinsa a rana tsayayya kowane mako, abin da ya shafi lafiyarsa kuma ku kai shi asibiti kai tsaye ba tare da jiran takarda daga makaranta ba.